A Sauke Ni Daga Gwarzon Dabara Kafin Litinin

Zuwa ga Mai Girma Babban Daraktan Zaburar da Ma'aikata,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kai da kujerarka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ne magatakardan nan na taga ta biyu a ofishin ba da takardar haihuwa, wanda tsautsayi ya sa ya buɗe baki bara. Cewa kawai na yi a janye bencin masu jira daga rana a mai da shi inuwa. Wallahi ban san ƙirƙira na yi ba. Sai ga ku da mai hoto da almakashi, aka yi bikin buɗe benci, aka naɗa ni Gwarzon Sabuwar Dabara. Aka kuma ɗora mini kawo wata kowace Litinin, ranar da na gaza a mai da ni ɗakin tsofaffin fayiloli, wurin ɓeraye. Ga kukana.

Na ɗaya. Dabara guda Allah ya hore mini a duniya, na kuwa ƙarar da ita a kan benci. Shin kan magatakarda rijiya ne, ranka ya daɗe, da za a yi ta zura masa guga?

Na biyu. Saboda karamcinku, duk abin da ya fito daga bakina sai ya zama doka. Ranar da na rasa abin faɗi na ce a riƙa yi wa jama'a murmushi, yanzu ga Jami'in Duba Murmushi yana zagayawa da madubi. Baba Mai Hatimi, dattijon da haƙoransa suka riga shi yin ritaya, ya yi wa wata jaririya murmushin hukuma. Har yau uwarta ba ta dawo karɓar takarda ba. Da na ce a sa ƙararrawa a kowace taga, iyaye suka gano tana hana yara kuka, suka dinga kaɗa ta ba ƙaƙƙautawa. Tun daga nan da ishara muke aiki.

Na uku. Abokan aiki sun daina gaishe ni. Masinja na hango ni yake canja hanya, wai kada in kalle shi in yi tunani. Mai shara kuwa ta aiko mini cewa in na kuskura na kawo dabarar da ta shafi tsintsiya, ita ma za ta nuna mini wani sabon amfaninta.

Na huɗu, abin ya shiga gida. Kowa ya sani, ban da ku, cewa dabarun da kuke tafa wa kwanan nan na uwar 'ya'yana ne. To, ta gaji. Ta ce ita da tunani, ni da shan tafi, ba da ita ba. Yanzu ko abinci na tambaya sai ta ce in ƙirƙiro. Na garzaya wurin surukata, ta ce abin da ke damun ofisoshi rashin kunya ne, kowa ya riƙa cire takalmi a bakin ƙofa. Kuka amince, ranka ya daɗe! Jiya da silifas ɗin wani na koma gida, duka biyun na ƙafar hagu.

Saura dabara ɗaya a kaina, ina ta danne ta tana tasowa. Na lura cewa watan da ka tafi taron bita aiki bai tsaya ba, sauri ma ya ƙara, har wasu suka karɓi takardarsu kafin yaransu su fara rarrafe. Ba na so in furta abin da wannan ke nufi, don ina ƙaunarka, ina kuma tausayin iyalinka. Amma jibi Litinin, an ce na sama da kai za su halarci zaman jin dabarata, ni kuwa ba ni da wata.

Don girman Allah ka sauke ni kafin nan, mu tsira tare.

Naka mai biyayya, wanda ko tunani ba zai ƙara yi ba sai da izininka,

Magatakardan Taga ta Biyu