Akwatin Ƙarfen Dakta

Ba zan taɓa mantawa da aikina na farko ba bayan ogana ya yaye ni daga koyon kafinta a unguwar Congo-Russia da ke Jos. Lokacin soja na shirin miƙa mulki, ni kuma ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro guduma.

Wani malamin jami'a ne, Dakta Garba, ya dawo daga karatu a Amurka, yana son a kafa masa kantoci a kicin, a gidansa da ke hanyar Naraguta. Ya ce idan aikin ya yi kyau zai haɗa ni da abokansa, duk sababbin gidaje ne babu ko ƙusa a bango. Ga wanda bai da shago tukuna, wannan ai kakarsa ce ta yanke saƙa.

Da na je sai ya fito da wani injin huda katako da ya zo da shi, mai batir, babu waya ko ɗaya a jikinsa. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ce, "Malam Sani, ka san yadda ake masa caji, ko in nuna maka?"

Na ce, "Haba Dakta, na sha aiki da irinsa wajen Turawan kuza a Bukur." (Abin da ya taɓa kai ni Bukur ɗaurin aure ne.)

Ya ce madalla, ya tafi aji.

Inji ya yi ta aiki lafiya lau, har ina waƙa. Wajen azahar sai ya fara nishi, ya tsaya. Na ɗauko abin cajinsa, na ga fulogin ƙafa biyu ne 'yan fale-fale, ba sa shiga soket ɗinmu. Wannan kuwa ba ya tayar wa ɗan Jos hankali. Na naɗa waya a ƙafafun, na cusa bakinta a ramukan soket, na danne da tsinken ashana, yadda muke yi wa rediyo da dutsen guga. Soket ɗin yana can sama kusa da kanta, don haka na jawo wani baƙin akwatin ƙarfe mai nauyi da na gani cikin kwalin injin, na taka na hau.

Na kunna. Sai wani wari kamar ana ƙona taya, sai fas, hayaƙi ya turnuƙe kicin. Ina nan a tsaye da ashana a hannu, Dakta ya shigo tare da wani abokinsa Bayerabe da ya kawo musamman ya ga aikina.

Dakta bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ta taransifoma ka bi da shi?"

Ban san mece ce ba, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Ƙwarai kuwa."

"To ina take?"

Na duba dama, na duba hagu. Shi kuwa ƙafafuna yake kallo. Abokin ya juya baya yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa.

Nan Dakta ya yi mini bayani a hankali, abin da ya fi zagi ciwo. Wutar gidajen Amurka ɗari da 'yan kai ce, tamu ta ninka ta, akwatin nan da nake kai shi ne taransifomar, shi ke rage mata ƙarfi kafin ta isa abin cajin. Ga shi abin cajin ya ƙone, kuma babu inda za a samu wani, ko an zazzage kasuwar Terminus. Duk wannan ina saurare ne daga kan akwatin, don kunya ta hana ni saukowa.

Na ƙarasa kantocin da mahudin hannu, tafina duk ya yi kanta. Dakta ya sallame ni cikin mutunci, amma abokan nan nasa wani kafinta ya yi musu aiki. Na daɗe ina jin zafin abin.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ko na san abu, sai in ce ya dai nuna mini, ko da guduma ce.