Yaƙi da Leda Ya Ci Ƙwaryar Goggo Jebba

Yau da hantsi leda ta kayar da ni a tsakiyar titi, da girmana da furfurata. Ina bayan ɗan acaba muna gangarowa daga gadar Mayo, sai wata baƙar leda ta taso ta naɗe cikin sarƙar babur, ƙafar baya ta cije, muka watse. Yaron ya yi gabas, ni na yi kwata. Da na ɗaga kai sai na gan ni daidai ƙarƙashin ƙyallen nan da aka ɗaura tsakanin darbejiya biyu, mai shelar cewa garinmu Marwa ya yi bankwana da leda. Shi kansa ƙyallen, da na duba da kyau, leda ce mai kauri. Gwiwata ta ɗaye, hulata ta bi ruwan kwata, amma hannuwana biyu suna sama riƙe da ƙwarya, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Masu sayar da fetur a kwalba suka yi ta tafa mini, wai ga dattijon da ya fi son ƙwarya a kan haƙoransa. Ban gaya musu cewa gawar ƙwarya na kare ba. Ku zan gaya wa, tunda ku ba ku da rumfar da za ku kore ni daga ciki.

Ƙwaryar ta Goggo Jebba ce, maƙwabciyata a unguwar Domayo, katanga ɗaya ta raba mu. Tun kafin in iya zura zare a allura take sayar da nono, tana kuma zanen ƙwarya da wuƙar wuta. Gidanta kaɗai ne a unguwarmu da roba ba ta taɓa kwana ba. Da ƙoƙo take sha, da gora take ɗebo ruwa, da masaki take wanki, in kuwa yaro ya zo sayen nono da leda a hannu sai ta kore shi ya koma ya ce wa uwarsa ta ba shi abin mutunci. Amma wannan ƙwaryar ba ta kasuwa ba ce. A gidansu, in 'ya ta yi haihuwar fari, ranar suna uwa takan ƙona zobe ɗaya a bakin ƙwaryar, ta cika ta da nono, ta miƙa wa mai jego ta sha, daga nan ta zama tata. Zobe huɗu ne a jikinta. Na biyar na Dudu ne, 'yar Goggo tilo, wadda bayan shekaru ana jira ana addu'a Allah ya ba ta ciki, har ya tsufa.

Ana cikin wannan jira ne Allah ya yi wa garinmu baiwa da Kwamitin Yaƙi da Leda da Dangoginta, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanka kirtani, wanda duk abin da ya buɗe a garin nan ba a sake ganinsa a buɗe ba. Allah ya ƙara wa babbar rigarsa faɗi. Suka yi shelar Makon Ƙwarya. Ni har na ji daɗi, don wauta ba ta tsufa. Na je rumfar Hamajam mahauci na ce masa to, yau dai manya sun ga abin da muke gani, shi da kullum yake zaro leda daga tumbin akuya kamar mai zare hanji. Ya ce akuyar jiya ma ledar da ke cikinta ta isa mutum ya buɗe shago. Sannan ya goge wuƙarsa ya ce, "Sali, in ka ji manya sun gano ciwon talaka, to kuɗin magani ne suka iso. Kuma ba talaka zai sha ba."

Na ce masa baƙin ciki ne irin na mahauta. Yanzu in na hango rumfarsa sai in sake hanya.

Sakataren kwamitin yaron unguwarmu ne, Bakari, wanda da nonon Goggo aka yaye shi, yanzu kuma takalminsa ya fi goshinsa ƙyalli. Shi ya zo ya durƙusa yana neman aron ƙwarya don baje koli. Goggo ta fito masa da sababbi, zanen hannunta, ta ce ya zaɓi son ransa. Ya ce a'a, Babban Baƙon da zai zo mutum ne mai son tarihi, tsohuwar nan ta saman rataye ake so. Ta ce waccan ba ta fita, jikarta tana hanya. Ya yi ta magiya har da dafa ƙirji.

"Goggo, daga safe zuwa azahar ne kawai. Da hannuna zan dawo miki da ita. In ta yi ko ƙwarzane ki tsine mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Ina jin yaron da ta goya take gani, ba sakatare ba. Ta naɗe ƙwaryar cikin zanenta na salla ta ba shi.

Ranar taro kuwa an yi yaƙi, ba ƙarya. An kafa rumfunan leda, an jera kujerun roba, an raba wa manya ruwan roba mai sanyi, mu kuma aka jefo mana na leda. Shinkafar ma a 'yan robobi ta zo, da cokulan roba, kowanne cikin ledarsa. Sarkin Almakashi ya yi jawabi har makirfo ya gaji, ya ce kakanninmu ba su san roba ba, shi ya sa suka yi tsawon rai. Yana faɗa yana kurɓar ruwan roba, don maƙogwaro ba ya jin wa'azi.

Sai aka zagaya da Babban Baƙo, Uban Tawaga, mai motoci bakwai da jiniya. Ya tsaya gaban ƙwaryar Goggo, ya ɗaga ta, ya juya ta saboda masu hoto, ya ce kai, wannan ta yi kyau. Kun san cutar manyanmu. In wanda ya fi su ya yaba abu, hannunsu ƙaiƙayi yake yi sai sun ba shi, muddin abin ba nasu ba ne. Nan take Sarkin Almakashi ya rusuna ya ce, da Faransanci, ranka ya daɗe ai taka ce, kyauta daga matan garin nan. Fili ya ɗauki tafi. Ni da na ji abin da aka ce ina can bayan igiya, inda ake shanya talakawa. Goggo tana gaba cikin mata, ba ta jin Faransanci, ta ga kowa yana tafi yana kallonta. Sai ita ma ta tafa. Na ga abin takaici da yawa a garin nan, amma wannan tafin har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Ba su bar ta haka ba, manya ai ba sa cin amana a bushe. Aka kira sunanta, aka naɗa ta Gwarzuwar Yaƙi da Leda, aka miƙa mata kyauta: robobin wanki uku, ja da kore da shuɗi, ɗaure cikin leda. Ta karɓa da hannu biyu don ladabi, ta tsaya jiran ƙwaryarta. Tana nan tsaye har aka kwashe kujeru, iska tana wasa da ledojin da mayaƙa suka bari a fili.

A makon Dudu ta sauka, 'ya mace. Murna ta zo ta tarar da mu muna zaryar ofishin kwamiti, Goggo a gaba, ni a baya a matsayin mai fassara. Aka ce Shugaba, wato Sarkin Almakashi, ya tafi taron ƙara wa juna sani. Washegari ya tafi huta gajiyar sanin da aka ƙara masa. Bakari kuwa ya zama aljani, ana jin labarinsa ba a ganinsa. Masinjan ofis ne ya ji tausayinmu ya raɗa mana cewa Babban Baƙo bai ma tafi da ƙwaryar ba. Da bayan motarsa ya cika da buhunan albasa da kilishi, sai ya bar ta a masauki tare da bawon lemo. Goggo ta ɗaga hannu tana hamdala. Masinja ya ce Shugaba ya aika da ita a gyara, mu dawo ranar jajibirin suna.

Muka kamo hanyar gida ina ta juya kalmar nan "gyara".

Yau muka koma, gobe suna. Masinja ya buɗe mana ofishin Shugaba yana murmushi kamar wanda zai nuna amarya. Ga ta can a bango, saman kujerar da ba kowa a kai. An shafe ta da man katako ciki da waje tana ta walƙiya, an huda tsakiyar cikinta, an soka hannuwan agogo na roba, an manna lambobi a kan zanen kakannin Goggo. Agogon ma a tsaye yake, don kwamiti bai ware kuɗin batir ba. Ko da yana tafiya ban san wa zai duba shi ba, a ofishin da ba wanda ya taɓa zuwa kan lokaci. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Goggo ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, ni kuwa na so ta yi. Ta jawo kujerar roba, ta tattare zane, ta hau, ta sauke abarta. Masinja ya sha gabanta ya ce ai yanzu kayan ofis ne, sai da izinin Shugaba. Ta dube shi sama da ƙasa ta tambaye shi a cikin me uwarsa ta dama masa kunu. Ya sunkuyar da kai ya matsa. A bakin ƙofa ta fizge hannuwan agogon ta ajiye masa a tebur, ta ce wannan nasu ne. Sannan ta miƙo mini ƙwaryar.

"Sali, wuce da ita wurin gyartai. Ni da ƙafa zan taho. Ba na iya kallonta a hanya."

Kun ji inda na fito da leda ta tare ni.

Gyartai ya juya ta, ya sansana, ya zura yatsa a hudar. Ya ce tsaga ana ɗinke ta, huda ma ana yi mata toshi, amma man nan ya riga ya shiga naman ƙwaryar, duk nonon da aka zuba sai ya ɗauki warinsa, mai jego kuwa ba a ba ta guba. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ba a biyan kuɗin ta'aziyya.

Da la'asar na leƙa ta katanga na ga Goggo ta hura gawayi ta sa wuƙa. Ta ƙona zobe na biyar, man yana hayaƙi yana wari, tana tari, ba ta tsaya ba sai da zoben ya haɗe. Dudu tana zaune da jaririya a cinya, ta tambaye ta a hankali me za ta yi da ƙwaryar da ba ta riƙe nono.

"Ki rataye ta. In yarinyar nan ta girma ta tambayi hudar, ki ce mata mun taɓa ba manya aro."

Gobe dai za a sha nono a sabuwar ƙwarya, wadda ba bakin kakar kowa da ya taɓa ta. Robobin nan uku kuwa suna nan a tsakar gidan Goggo, don ba ta iya zubar da kyauta ba, har 'yan barka sun fara jiƙa tsummokan jaririya a cikin jar. Saboda haka duk mai cewa kwamiti bai yi aiki ba, ya ji tsoron Allah. Gida ɗaya ne tak roba ta kasa ci a unguwarmu shekara da shekaru, su kuwa a yini guda suka buɗe mata ƙofa.

Na ji rediyo yana cewa saboda nasarar da aka samu, wata mai zuwa za a yi Makon Tukunyar Ƙasa. Na dai dawo daga masallaci na tarar uwargidana ta mirgina randarta ta tura ƙarƙashin gado.