Makon da Kaza ta Koma Ƙwai

Ba zan taɓa mantawa da akwatin littattafan nan ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikoki da sunan iyayensu (ya ma kusa). Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tattara komatsansu. Ina saurayi, gemuna ana iya ƙirga gashinsa, aka ɗauke ni malamin Arabiyya a elementaren Wurno. Ɗaukar gwaji ce ta wata uku. In mai duba makarantu ya zo ya yaba, hukumar En'e ta tabbatar da ni. In bai yaba ba, in koma zauren mahaifina in ci gaba da wanke alluna. Shi kuwa mahaifin nawa ranar da zan fara aiki abin da ya ce kawai shi ne, "Tahi, buzunka na nan inda kab bar shi." Wato ya tabbata zan dawo. Ni kuma na rantse a raina ba zan dawo ba.

Matsalata ɗaya ce, ban iya boko ba. Larabci da ajami a tashe ni daga barci in karanta, amma boko ko baƙi ɗaya ban sani ba. Hedimasta, Malam Buhari, bai damu ba, tunda ba shi aka ɗauke ni in koyar ba. Wanda ya damu shi ne Malam Isa, malami na biyu, sabon fitowa daga makarantar Midil ta Sakkwato, mai alƙalami biyu a aljihun gaba. "Shehi" yake kirana, da wani irin jan harafin ƙarshe da ke sa in ji kamar in tsinka masa mari.

Da damina ta kankama sai kurkunu ya kwantar da Hedimasta. A makon ne kuma motar Sakkwato ta sauke wani akwati a makaranta. Hedimasta ya sa aka kira ni zaurensa, na tarar da shi ƙafa a kan matashi, an naɗe kan tsutsar a ɗan tsinke ana ja kaɗan-kaɗan. Ya ce littattafan hotuna ne guda biyar na 'yan aji ɗaya. Ana so a gwada su da yara, nan da kwana goma mai duba makarantu zai zo da Baturen makaranta su ji waɗanne biyu za a saya wa makarantun Wurno da Raba da Goronyo.

"Isa na da aji biyu bisa kai nai," in ji shi. "Kai riƙe ƙanana. Hoto na, ba karatu ba. In wani abu ya shige ma duhu, tambayi Isa."

Na ce to. A raina kuwa na ce gara in tambayi jakin mai ruwa.

Na kai littattafan ɗakina bayan la'asar, na yi bisimilla, na buɗe na farko yadda na saba buɗe kowane littafi tun ina ɗan shekara biyar, daga dama. Na dabbobi ne: raƙumi, kura, giwa, da wani dogon abu mai zane-zane. Lafiya lau. Na biyu mangwaro ne, goma a shafin farko, tara a na biyu, suna raguwa har saura ɗaya. Na ce wani ke ci, ba abin mamaki ba ne. Akwai 'yan rubuce-rubucen boko a ƙarƙashin hotunan, na yi musu kallon da ake wa kashin ƙuda.

A na uku kaina ya fara ɗaurewa. Wata ƙatuwar kaza ce a shafin farko. Na juya, ta rage girma. Na sake juyawa, ta zama budurwar kaza, sannan ɗan tsako. Can sai ga ɗan tsakon yana cusa jikinsa cikin fasasshen ƙwai, kai kaɗai ya rage a waje. Shafin ƙarshe ƙwai ne lafiyayye, ko tsaga babu. Na rufe, na murza ido, na sake buɗewa. Kaza ta sake shigewa. Na ce ko kajin Turai haka suke tsufa? Ko tatsuniya ce? In tatsuniya ce ina Gizo? Har na leƙa tsakar gida na daɗe ina kallon kajin mahaifiyata (ba wadda ta nuna alamar raguwa).

Na huɗu kuwa ya shiga raina. Manomi ne da rumbu cike da gero. Ya kwashe dammunan ya mayar gona, ya liƙa zangarniya a kan kara, karan ya yi ta gajarcewa har ya shige ƙasa. A ƙarshe ga bawan Allah tsaye a fili fetal, daga shi sai fartanya. Na ce Allahu akbar, ashe Turawa ma sun san wa'azi. Washegari da na nuna wa yara, na yi musu bayanin duniya da ƙarewarta. 'Yan shekara shida suka yi tsuru-tsuru, ɗaya ya fashe da kuka ya ce shi rumbunsu yake ji.

Littafin kaza dai na so in ɓoye shi, amma sun riga sun hango bangon. Duk 'yan makarantar allo ne kamata, ba wanda ya ga laifin hannuna. Wata 'yar firit mai suna Hajo ta ɗaga yatsa.

"Malam, in ta shiga ƙwai mi taka ci?"

Na gyara hula na ce, "Wanga karatun aji biyu na."

Duk wannan wasa ne a kan na biyar. Yaro ne ƙosasshe yana gudu da gare-gare. Shafi na gaba uwarsa ta miƙa masa ruwa a moɗa. Na gaba an nuna irin ruwan: ta tace da farin ƙyalle, ga tukunya a kan wuta tana tafasa. Sai ga malamin asibiti yana nuna ta da yatsa. Sai ga yaron kwance, kurkunu a ƙafa, tsinke da komai, sak Hedimasta. Daga nan ƙurjin ya ragu. Shafin ƙarshe yaron ne durƙushe a bakin tafki, yana shan ruwa da hannu yana dariya, ya warke sumul.

Kwana biyu tuwo bai yi mini daɗi ba. Ga duba-gari yana bin gidaje yana cewa a tace ruwa a tafasa, har wasu mata sun fara bi don gudun fitinarsa. Ga kuma littafin su Turawan da kansu yana cewa tafasasshen ruwa ke kawo kurkunu, ruwan tafki ke warkarwa. To wanne ne? Mantawa suka yi suka saka littafin asirinsu a akwatinmu? Ko gwada mu ake a ga mai hankali? Sau biyu na nufi ajin Malam Isa da littafin a hammata, sau biyu na ji "Shehiii" tun daga nesa na juya. Sai kuma na tuna wani abu: duk unguwarmu ba wanda ya kai Hedimasta tafasa ruwa, kuma ga shi a kwance. Na ce shi ke nan, hujja ta cika.

Na koya wa yara har da 'yar waƙa, na ce kowa ya je ya gaya wa uwarsa. Sannan, don in nuna ni mai kishin shugabana ne, na gangara fadama na cika gora da ruwan tafki na kai gidan Hedimasta. Yana barci, na ba matarsa ta bayan labule na ce magani ne, a sha safe da yamma. Ta yi ta godiya.

Ranar dubawa na sa rigar sallata. Mai duba makarantu, Malam Ladan, dattijo ne mai tabarau da sanyin murya. Baturen kuwa dogo, zafi ya mai da shi ja, yana Hausa tiryan-tiryan kamar mai karanta takarda. An ɗauko Hedimasta a jaki aka zaunar da shi a kujera, ƙafa a kan benci. Malam Isa ya baro ajinsa ya tsaya a taga.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ni na tashi. Na ce na dabbobi da na mangwaro ba laifi. Na kaza kada a saya, ƙarya ce zalla, zai rikita yara. Na manomi wa'azi ne mai ratsa zuciya, sai dai ya yi wa ƙanana nauyi, a ajiye wa manya. Na ga Malam Ladan ya sauke tabarau ya goge ya mayar, na ɗauka fasahata ce ta kama shi. Sai na ɗaga na biyar sama.

"Ranka shi daɗe, wanga shi na na ɗaya. A kai shi Raba, a kai shi Goronyo, a kai shi har Giyawa da Marnona. Shi yah hwaɗi gaskiyad da anka daɗe ana ɓoye muna."

Bature ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Wace gaskiya ce?"

Na juya ga yara na ɗaga hannu. Suka ɗauka baki ɗaya, da murya mai daɗi kuwa: "Ruwan wuta cuta, ruwan tahki magani."

Sau uku suka maimaita, yadda na koya musu. Alƙalamin Bature ya tsaya. Ya karkata ga Malam Ladan ya tambaya a hankali ko kalmar magani tana da wata ma'ana dabam a Sakkwatanci. Malam Ladan ya ce a'a, ma'anarta ke nan. Ni kuwa ina tsaye ina jiran yabo, ina mamakin abin da ya hana shi zuwa.

"Malam," in ji Malam Ladan, "buɗe muna mu gani."

Na yi bisimilla na buɗe. Ya taso, ya karɓi littafin, ya rufe, ya juya shi, ya mayar mini a hannu.

"Yanzu hwara."

Na fara. Yaro ya sha ruwan tafki. Ƙurji ya fito. Ya kwanta. Malamin asibiti ya zo. Uwa ta tafasa, ta tace. Kafin in kai inda yaron ke gudu da gare-garensa, gumi ya jiƙa rigar sallata har gindin baya. Na ji ajin yana juyawa da ni. Abin ban haushi, har a lokacin wani ɓangaren kaina yana gardama yana cewa ai wannan ne baya.

Hajo ta ce, "Malam, a juya ta kaza ma."

Aka juya. Ƙwai ya tsage, tsako ya fito, ya girma ya zama kaza. Yara suka ɗauki tafi kamar an yi musu dabo. Malam Isa ya ɓace daga taga, amma ina jin sa a bayan aji yana tari irin na wanda dariya ta shaƙe.

Na ɗauka an gama da ni. Sai Hedimasta ya yi gyaran murya.

"Malam, gorad da kak kawo min shekaranjiya waccan. Rubutu na, ko?"

Ya dube ni, ya dubi littafin, ya dubi ƙafarsa.

"Na shanye ta," ya ce. "Hal da bisimilla."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da yau akwai rami a tsakiyar ajin nan.

Bayan an tashi Malam Ladan ya ja ni gindin bishiyar bedi. Na shirya jin sallama. Ya ce, "Rashin sani ba laihi ba na. Amma tsakaninka da Isa taku nawa?" Na ce bai kai ashirin ba. Ya ce to an ƙara mini wata uku na gwaji bisa sharaɗi biyu. Kullum bayan azahar in zauna gaban Malam Isa in koyi boko. Kuma kafin jibi in bi gidan kowane yaro da littafin a hannu, in warware abin da na ƙulla.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina sallama ina neman afuwa ta bayan zana. A gidan su Hajo kakarta ce ta fito, tsohuwa mai sanda, ta saurare ni har na gama.

"Jiya littahi ya ce tahki magani, yau ya ce cuta. Littahin ɗaya na?"

"Ɗaya na, Inna."

"To mi yas sake?"

"Mai riƙon, Inna."

Ta ce Allah shi kyauta, ita dai ta riga ta yi matatar koko da ƙyallenta na tace ruwa.

Na iya boko, an kuma tabbatar da ni daga baya. Amma kurkunu sai ya shekara a jiki kafin ya fito, don haka shekara guda cur na yi da fargaba. Da damina ta zagayo, duk yaron da na hango yana ɗingishi sai gabana ya faɗi, in bi shi in ce nuna mini ƙafar. Biyu daga cikin 'yan ajina sun kwanta. A lokacin ba shekarar da ba a kwanciya, kowa ya ce mini ba ni ba ne, amma har yau ban sani ba, kuma abin yana ci mini rai. Hedimasta dai Allah ya tsare shi, ko da yake har ya bar aiki bai sake karɓar ko goro daga hannuna ba sai ya juya shi ya duba.

Shi ya sa yanzu in an kawo mini labari, wane ya lalace, wance ta yi kaza, ba na saurin cewa uffan. Sai in tambayi mai labarin ta wane gefe ya buɗe. Domin ni shaida ne, mutum yana iya ganin kowane shafi da idonsa, bai tsallake ko ɗaya ba, ya kuma shayar da shugabansa ruwan tafki da zuciya ɗaya.