Layar da Ke Hancin Jirgi

Saifullahi dai ya gaji, irin gajiyar da ko magana aiki ce. Jirgin saman da ya ƙera a bayan garejinsa na Birnin Kudu, da injin mota da farfelar katako, ya sa shi a gaba. Da ya ƙara wuta zuwa wani mataki sai jirgin ya kama rawar ɗari, notuna su kwance, har ƙarfen da ke riƙe injin ya tsage. In ya tashi a haka, a sama za su rabu da injin. Yana zaune bisa taya sai ga kakarsa, Inna A'i, ɗan acaɓa ya sauke ta daga Basirka.

"Sannu da zuwa, tsohuwa. Ashe ba ki mutu ba?"

"In mutu in bar ka da wannan akurkin? Maigida, masassarar jirgin naka ta sauka?"

"Tsufanki kika shafa masa. Tun zuwanki na wancan karon yake karkarwa kamar hannunki da kofin koko."

"Ƙarya kake, miji ba cefane sai ƙarafa. Ni da na yi masa magani?"

"Wane magani?"

"Laya na karɓo a Gwaram, mai tsada. Kana masallaci na cusa ta a wannan hular da ke hancinsa."

Ya kwance murfin tsakiyar farfelar, sai ga laya jibgegiya maƙale a gefe ɗaya.

"Inna, farfela fa ko ƙwayar gyaɗa ce ta rinjayi ɓangare guda sai ta girgiza komai. Na sake walda, na zagi masassaƙi a banza. Ashe ke kika kusa kashe ni."

"Au, ni? Wa ya aike ka sama, ƙasa ta yi maka kaɗan?" Sai muryarta ta yi ƙasa. "Na yi wa kakanka takaba, na ga an fita da ubanka. Ba zan yi takabar miji na biyu ba, ko da mummuna ne irinka."

Tausayinta ya kama shi. Ya yi wata gajiyayyiyar dariya, ya rataya layar a wuyansa, ya mayar da murfin, ya tada injin. Ya ƙara wuta ya wuce matakin nan, jirgin ko gezau.

"Kin ci, amarya. Ni zan ɗauki layar, jirgin ba zai iya ba."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa ƙuli-ƙuli.

"Ungo ci, kar iska ta riga jirgin ɗaukarka."