Ranar Taku a Bakin Tafki

A wani daji mai nisa da hanyar mutane, akwai tafkin da kwaɗi ba sa kuka a cikinsa. Ruwansa baƙi ne, a kwance, ko iska ta taso da kyar yake motsi. A tsakiyarsa akwai tsibiri mai dogayen ciyayi, kuma tsakanin tsibirin da gaɓa wani tsohon kada yake zaune. Manyan tsuntsayen dajin ba sa ce masa kada. Mai Tafki suke ce masa, su kuma sassauta murya idan za su faɗa.

Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke, manyan gidaje kan fito da 'yan matansu da suka isa a gani. Ranar Taku ake kiran wannan rana. 'Yan matan sukan jeru a bakin ruwa, su yi tafiya a hankali ɗaya bayan ɗaya, Mai Tafki yana kallo da idanu biyu a saman ruwa. Wadda aka zaɓa takan hau bayansa ya kai ta tsibiri, inda aka ce babu yunwa, babu shaho. Ba a taɓa ganin wadda ta dawo ba. Iyaye mata sukan ce ai dama wa zai baro irin wannan daɗi.

Sharaɗin shiga guda ɗaya ne. 'Yar babban gida ba ta tashi sama, domin tashi na masu neman abinci ne. Saboda haka kwana bakwai kafin ranar, kowace uwa takan fige wa 'yarta dogayen gashin fiffike, har sai ta zama ko ɓera ya bi ta sai dai ta yi gudu da ƙafa.

A shekarar da ake ba da wannan labari, cikin waɗanda aka fige akwai Yelwa, 'yar hasbiya, da aminiyarta Lantana, 'yar balbela. Tare suka taso a kan tsamiya guda. Yelwa tana da asali, kakarta ta taɓa zuwa ta biyu a Ranar Taku, kuma uwarta ba ta bari a manta. Su Lantana kuwa bin shanu suka gāda, bara kawai aka soma gayyatarsu taro. Sai dai Lantana fara ce tas, ga dogon wuya, ga tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa. Duk inda Yelwa ta juya, sunan da take ji a bakin tsofaffi ke nan.

Ana sauran kwana biyu, su biyun suna gwajin taku a ƙarƙashin tsamiya da rana tsaka.

Lantana ta ce, "Ke jar-ido, daina gyaɗa kai. Kamar mai neman tsaba."

"Ji 'yar bin shanu za ta koya mini taku. Kaska nawa kika ci yau?"

Lantana ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta dubi tafkin ta cikin ganye, sannan ta matso ta ɗaga fiffikenta na dama. A can ƙasa, an lanƙwashe su an manne da ƙaro, ga dogayen gashi huɗu. Ta ɗaga na hagu, nan ma huɗu.

"Inna idonta ya yi rauni, ba ta gan su ba. Yelwa, ki rufa mini asiri. Ni ruwan nan ba ya kwanta mini a rai. Kin taɓa ganin ko da ƙaramin kifi ya yi tsalle a cikinsa?"

Yelwa ta ce, "Ni da ke? Haba dai."

Da ta faɗi haka har zuciyarta ta faɗa. Amma da ta koma gida sai uwarta ta hau share mata wuya da baki, tana cewa, "Ki yi haƙuri da na biyu, 'yar nan, kamar kakarki. Farar can ta riga ta cinye." Fiffiken Yelwa na yi mata zogi inda aka fige, ta tuna cewa na wata ba ya zogi haka. Washegari da hantsi ta je wajen Magajiya Gauraka, tsohuwar da ke shugabantar taron shekara talatin. Ba ta yi dogon bayani ba. Cewa kawai ta yi, "Ranki ya daɗe, da za a duba ƙarƙashin fiffike, da an kyauta."

Ranar Taku ta zo babu ko ɗigon iska. Dukan manyan gidaje suka cika gaɓa, kowace uwa tana yaba 'yar wata da baki tana auna ta da ido. Can cikin ruwa, abin da ya yi kama da guntun icce ya buɗe idanu biyu. Nan take surutu ya mutu.

Magajiya ta miƙe, ta gyara tukkunta, ta ce:

"'Yan uwa, mun gode wa Mai Tafki da ya sake karrama mu da kallonsa. Akwai dazuzzukan da 'yan mata ke yawo a sama kamar hankaki, kowa ya ga cikinsu. Mu ba haka muke ba. Mu mun san daraja tana ƙasa, inda za a iya tsayawa a dube ta. Yarinyar da ta ba da gashinta ta nuna ta yarda da iyayenta, ta yarda da mu, ba ta shirin zuwa ko'ina sai inda aka kai ta. Abin baƙin ciki, na ji an ce a cikinmu akwai wadda ta zo da shirin tafiya. Ba na son in yarda. Lantana, 'yata, ɗaga mana fiffike."

Lantana ba ta dubi Magajiya ba. Sai ta dubi Yelwa, kallo ɗaya, ba na fushi ba. Sannan ta buɗe fikafikanta, ƙaron ya ɓalle, ta yi tsalle ta tashi. Tashin bai yi kyau ba, tana karkata kamar tsumma a iska, amma ta tashi a gaban kowa. Iyaye mata suka rufe idon ƙananansu. Uwar Lantana ta zube a kan yashi.

Aka ci gaba da taku kamar ba abin da ya faru. Da Yelwa ta zo daidai idanun nan biyu, sai ɗaya ya rufe a hankali ya sake buɗewa. Magajiya, wadda ita kaɗai ta san fassarar wannan, ta ce an zaɓa. Guɗa ta tashi.

Bisa al'ada, akan bar zaɓaɓɓiya ita kaɗai a bayan wani dutse, ta natsu kafin a zo ɗaukarta. Yelwa na tsaye a nan sai ta ji saukar wani abu a kan dutsen. Lantana ce, tana haki.

"Na bi ta kan tsibirin," in ji ta. "Ban yi niyya ba, fiffiken ne ya ƙi juyawa. Yelwa, babu kowa a can. Babu sheƙa ko ɗaya. Gashi ne kawai, tuli a cikin ciyawa, fari da baƙi da ja, wani ya tsufa wani sabo. Na ga shuɗin wuyan Jummala, wadda aka zaɓa bara. Wuyan kawai."

Yelwa ta ɗaga kai ta dube ta. Ta ce, "Da ke aka zaɓa, da haka za ki ce?"

"Da ni aka zaɓa, da wa zai gani ya gaya mini?"

"Kin san ni ce na kai ƙararki."

"Na sani. Ke kaɗai na nuna wa. Wannan ma yi maganarsa wata rana, har in ƙwaƙule miki jan idon nan. Yanzu ki bi ta bayan dutsen nan ki shige ƙaya. Kafin kaka mai zuwa gashinki ya fito."

Yelwa ta dubi ƙayar. Taku goma ne, ba ta da nisa. Ta kuma saurari abin da ke tasowa daga gaɓa: muryar uwarta ce ta fi ta kowa, tana kiran sunan kakarta, tana cewa yau an biya su. Idan ta shiga ƙaya, gobe uwar nan ba ta da fuskar fita ɗiban ruwa. Idan kuma Lantana kyashi ne ya sa ta ƙirƙiro, to Yelwa ta yar da abin da ta sayar da aminiya don ta samu. Ta san Lantana ba ta ƙarya. Ta fi so a ce tana yi.

"Ke ba 'yar babban gida ba ce," ta ce a hankali. "Ba za ki gane ba."

Lantana ta buɗe baki, sai ga ruwa ya motsa a gefen dutsen, ba tare da ƙara ba. Wani faffaɗan baya mai kaushi ya taso ya jingina da gaɓa, ya tsaya yana jira, kamar wanda bai taɓa yin gaggawa ba. Yelwa ta gyara wuyanta. Ta taka kamar yadda aka koya mata, ba ta gyaɗa kai ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka gani sun ce ba a taɓa hawa da kyau irin haka ba. Suka yi ta kallo har ta zama ɗigo a bakin dogayen ciyayi, wata farar tsuntsuwa tana kewaya sama a karkace, tana wani kuka da kowa ya yarda na hassada ne.

A makon nan tsuntsayen dajin sun sha zirga-zirga, barka a gida ɗaya, jaje a ɗaya. Uwar Lantana, wadda aka yi wa jajen, har yau 'yarta ce ke kawo mata fāra kowace safiya, ta ƙofar baya.