Ranar da na bar Baba da sungumi

Ba zan taɓa mantawa da ruwan shukar bara waccan ba, ko da kuwa na so. A lokacin ni ne masanin bulokcen na ƙauyenmu da ke kudu da Gazawa (ni na naɗa kaina, kuma ilimin nawa duka daga bidiyoyin waya ne).

Kullum a teburin mai shayi ina ta zuba: wai bulokcen littafin lissafin kuɗi ne da dubban na'urori ke riƙe da shi tare, ba mai iya goge layi ɗaya. Na ce tsofaffin hanyoyin suna shaƙewa in jama'a ta yi yawa, amma wannan sabuwar da muka shekara muna danne-danne a kanta a waya don a biya mu ranar buɗe ta tana rarraba kaya kashi-kashi, kamar a sauke buhuna daga gingimari a raba wa ƴan kabu-kabu. “Duniya duka ta shigo a ƙiftawar ido, ba za ta ko girgiza ba,” in ji ni, har da buga tebur.

Sai ga ranar buɗe hanyar ta zo daidai da safiyar da muka tashi ƙasa sharkaf. Manomi ya san laimar nan kwana ɗaya ce, in ta daɗe biyu. Baba, da ciwon bayansa, ya miƙo mini sungumi.

“Tashi mu tahi, Sale, kahin rana ta shanye ta.”

“Baba, awa guda kawai. Wanda ya fara shiga yau ya gama noma har abada.”

Ya saɓa sungumin ya nufi gona. Ni kuwa ban tsaya ga kaina ba, na kwashi samari shida, kowa ya gudo daga gonar gidansu, muka hau babura zuwa wani tudu kusa da iyaka inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa.

Jama'a, hanyar da na rantse da ita ta toshe tun minti na farko! Ƴar da'irar nan ta fuskar waya sai juyawa take, ana ce mana cunkoso ya yi yawa, a sake gwadawa. Muka gwada tsaye, muka gwada bisa icce, har batir ya mutu bayan la'asar.

Hanyar komawa kuma ta gefen gonarmu ta bi. Ga Baba a duƙe yana sara, Inna na bin shi tana zuba iri, ko kwatan gonar ba su kai ba. Maƙwabta suka tsaida aiki suna kallonmu. Na shirya wa zagi, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ɗago da ƙyar, hannu a ƙugu, ya ce:

“Sale, sannunku da aiki. Ka samu ka ci abinci kuwa?”

Wani ya tuntsire da dariya. Ni dai ƙasa na so ta tsage.

Washegari na yi sammako da sungumi, amma rairayin ya riga ya bushe. Ruwa bai dawo ba sai bayan kusan mako biyu, kuma geron da muka shuka a makare bai cika ido ba. Kafin wata damina, Inna ta sayar da akuyoyinta biyu don mu ci tuwo. Baba bai taɓa tada maganar ba, shi ya sa har yau take cina.

Na ji an ce masu bulokcen ɗin sun gyara hanyar tasu, yanzu tana gudu sosai. Allah Ya ba su sa'a. Abin da ni na koya ƙarami ne: waya in ta ƙi tana cewa a sake gwadawa, amma ba wanda ya taɓa ce wa tsohona haka a gona.