Dabarar Baban Afnan: Yadda Ake Kai Ƙattin Yara Filin Lilo Su Dawo Ba Ciwon Ƙafa

Baban Afnan, kai ne. Ba yaran ba, ba zafin rana ba, ba Turawan da suka shimfiɗa kwaltar ba. Kai ka lalata mini gwiwa, kuma da ladabi ka lalata ta. Shekara goma sha bakwai kana auren autata Suwaiba, ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonka ba. Yau ma ba zan kama ba. Amma takarda ba ta da suruki. Na zaunar da maƙwabciyata Hamsatou, ina faɗa tana rubutawa tunda ni ban yi boko ba, kuma za ta jefa rubutun cikin guruf ɗinmu na waya, na Hausawan Greensboro a nan Amurka, daidai inda ka sa hotona. Dole ka karanta kafin Juma'a, ranar da ka ce za ka sayi tikitin Florida a sake maimaita abin da aka yi mini, wannan karon har kwana biyar.

Ku kuma iyaye maza, na ji kuna ta tambaya a ƙarƙashin hoton. Wai yaya aka yi Afnan mai shekara goma sha biyar da ƙanenta Abdulmuhaimin mai sha uku suka yini a babban filin lilon nan na wajen Charlotte, tun hantsi har la'asar sakaliya, suka dawo garau, alhali naku awa biyu sun fara jan ƙafa suna kumbura baki? To ni Hajiya Rakiya na ga dabarar da idona, na ɗanɗana ta da ƙafata. Kai mai karatu, bi matakan nan bi da bi. Na yi maka alkawari, yaranka za su dawo gida har su nemi ƙwallo.

Mataki na ɗaya: Samo tsohuwa

Kada ka ɗauki uwarka. Uwa za ta buɗe baki ta wanke ka tas a gaban jama'a. Suruka ake nema, wadda ta sha tarbiyyar gida, in da hali mai ciwon gwiwa. Zaɓi ranar da matarka ke wurin aiki, kamar yadda aka zaɓi Asabar ɗin da Suwaiba ke tsaye a kantinsu na Wendover, don kada a samu mai gane abin da tsohuwar ke nufi.

Ce mata shan iska za a je. Kada ka gaya mata wurin shan iskar ya kai faɗin garin Wudil.

Mataki na biyu: Karɓo keken marasa lafiya, kowa ya shaida

Matarka ta riga ta ja maka kunne tun da safe: “Don Allah ka karɓar wa Mama keke a bakin ƙofa. Likita ya ce kada ta wuce tafiyar minti ashirin.” To karɓo. Turo shi har gaban tsohuwar, ka sunkuyar da kai, ka ƙura wa takalminka ido. Kada ka yi mata magana da bakinka, ai kai mai kunya ne. Aiki yaro.

“Abdul, tambayi Hajiya ko za ta zauna.”

Yaron ya cire abin kunnensa guda ɗaya, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, “Giranma, Dadi ya ce kina so zauna?”

To me zan ce, jama'a? Mace mai hankali ta faɗa kujera a gaban surukinta tun daga tayin farko, kamar wadda ta kwana tana mafarkinta? Na ce, “A'a, ku bar shi, ba komai. Ƙafata ƙalau.”

Mataki na uku: Tambaya sau ɗaya. Ɗaya tak

Duk asirin yana nan, saura ado ne.

A garinmu ko ɗan yaye ya san a'ar farko gaisuwa ce. Ta biyu kunya ce. A ta uku ake kama hannun mutum a zaunar da shi, yana cewa “kai, kun dai matsa mini,” yana gyara zama. Baban Afnan, a Gwammaja aka yanke maka cibiya, ba a Sedgefield ta nan Amurka ba. Ranar da kuka zo neman Suwaiba, sau nawa aka yi wa kawunka tayin tuwo kafin ya wanke hannu? Sau uku. Ya kuma suɗe kwanon har ana ganin fuska a ciki. Amma shekara ashirin a ƙasar da in ka ce a'a sai a ce oke a juya, ta sa ka manta lissafin gida.

Yaro ya juya ya ce da Turanci wai kaka ta ce ba ta so. Kai kuma ka ce wa takalminka, “To madalla. Ai Hajiya akwai ƙarfi.”

Na tsaya ina jiran tambaya ta biyu. Har na gyara mayafi, na ɗan karkata jiki wajen keken don kada in ba ku wahala. Yau kwana tara ke nan ina jira.

Riƙe wannan hikima, kyauta na ba ka: wanda bai tambaya sau biyu ba, ba zai ji abin da zai ɓata masa yini ba.

Mataki na huɗu: Kada ka bar keke ya tafi wofi

Almubazzaranci ba kyau. Ga keke, ga yara. Ka yi haƙuri minti goma sha biyar kawai, za ka ji an fara.

Abdulmuhaimin ne ya fara. Wanda bai san shi ba, yaro ne da ya fi firij ɗinmu tsayi, takalminsa ya isa a yi wa jariri wanka a ciki. Shi nake yi wa wasan jika ina ce masa maigida. Ya ja ƙafa, ya ja numfashi, ya ce, “Dadi, ƙafata ta mutu.” Kafin in ce innalillahi ya faɗa cikin keken ya miƙe ƙafafu kamar mai jiran aski.

Afnan ta ce ba ta yarda ba, ita ma ƙafar mutum gare ta. A nan ne za ka nuna kai uba ne mai adalci. Yanke hukunci: kowa minti ashirin, ɗaya na zaune ɗaya na turawa, waya ce za ta yi ƙara in lokaci ya cika. Haka Baban Afnan ya yi, ko alƙali sai haka. Tsohuwa ba ta cikin rabon. Ai ta ce a'a, da shaidu.

Abinci ma haka za ka yi. Aiki yaro sau ɗaya. Suruka ba za ta tauna a gabanka ba, za ta ce ta ƙoshi, sai yaran su raba nata. Ƙarin ƙarfi ne a gare su.

Mataki na biyar: Bar tsohuwa ta nemi madogara da kanta

Kafin azahar gwiwata ta kumbura ta zama kamar ƙullin fura. Kwalta na tururi, layin kowane lilo ya yi tsawon layin ɗiban ruwa a rani, bencin da na hango duk da mutane a kai. Sandata na bar ta a gida don kada a ce na tsufa. Sai na ga hannayen keken nan biyu a gabana. Na ce bari in ɗan dafa in huta.

Ashe keke ba bango ba ne. Ka jingina da shi, sai ya tafi. Ya tafi, na bi shi. In na tsaya zan kife, in na saki zan zube. Afnan da ke turawa ta ga an samu mai karɓa, ta ce “Tankiyu, Giranma,” ta zaro waya.

Kada ka ji tsoro, tsohuwar za ta gwada habaici, amma yaran Amurka habaici ba ya huda su. Na sunkuya na ce, “Maigida, wannan kujera da alama tana da laushi.”

Ya ce, “Sosai, Giranma.”

Na ce, “A garinmu mijin da ya bar matarsa na tura shi, gaban alƙali ake kai shi.”

Ya ce, “Waye Alƙali? Yana guruf?”

Na ce, “Ana cewa in ka ga tsoho na gumi, ka duba abin da ka hau.”

Ya duba ƙasan keken, ya ce taya lafiya take.

Wata Baturiya tsohuwa, sa'ata, ta tare mu ta dafa kafaɗata, idonta ya ciko da ƙwalla, ta yi ta magana tana kallon yaron. Na tambayi Afnan me take cewa. Ta ce, “Wai Allah ya ba ki ladan jinya, ya ba shi lafiya.” Na ce amin, don ni ma ina buƙata. Ba ta rufe baki ba ƙaton ya hango jirgin lilon nan mai hawa sama ya kife da mutane suna ihu. Ya yi tsalle ɗaya ya dire, ya sheƙa a guje kamar ɗan akuya. Baturiya ta kalle shi, ta kalle ni, ta janye hannunta a hankali. Har yau na san tana ba da labarin wata baƙar tsohuwa mai warkar da guragu, ko kuma mai damfara.

Za ka ce, to ga keke ya zama wofi, me ya hana ki zama? Wa ya tambaye ni? Kuma kafin in gama shawara da zuciyata wayar ta yi ƙara, Afnan ta zauna.

Mataki na shida: Yi gaba da taku goma, kada ka waiwayo

Riƙe taswira, ka zama jagora. In dole ta sa ka juya, kalli ƙasa ko ka kalli sama. Suruki nagari ba ya kallon surukarsa, don haka ba zai ga tana ɗingishi ba, ba zai ga mayafinta ya jiƙe sharkaf ba. Ka ga amfanin kunya ke nan in an iya ta. Tawa ta hana ni faɗa, taka ta hana ka gani, yara suka ci riba a tsakiya.

Sau ɗaya aka yarda ka kalle ta, shi ma ta cikin waya. Ɗauki hoto daidai lokacin da ta yage baki tana neman numfashi, zai fito kamar dariya. Sa a guruf, ka rubuta abin da Baban Afnan ya rubuta: “Masha Allah, Hajiyarmu ta fi matasa. Da ƙyar muke hana ta tura yara.”

Anti Jimmai, ke kika fara amsawa, Hamsatou ta karanta mini. “Ƙarfen da, ba ya tsatsa!” Ki zo ki ga ƙarfen yana shan man zafi safe da yamma. Agogon da Suwaiba ta ɗaura mini mai ƙirga taku ya ce na yi dubu ashirin da uku. Ko lokacin da nake kai gyaɗa kasuwa da ƙafa ina budurwa, jaki ne ke ɗaukar kayan, ba ni ke tura jakin ba.

Mataki na bakwai: In ta yi kyau, faɗaɗa

Shekaranjiya ina kwance a falo, ƙafa kan matashi, na ji ka, Baban Afnan, a kicin kana cewa, “Na Florida filaye huɗu ne, kwana biyar. Keken ma a karɓa saboda yara, tunda Hajiya ba ta so.”

Na kira Suwaiba ɗaki na zayyana mata komai. 'Yar da na haifa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Ta ce, “Mama, ke ma da kin faɗa mana! Nan fa Amurka ce. Ni ba zan shiga tsakaninku ba, ki gaya masa da kanki.” Da na faɗa! To ga shi na faɗa, Greensboro duka ta ji.

Kada wani ya ce ba na son zuwa. Ina so. Na ga yadda maigidana ya sauko daga jirgin nan yana dariya, ya rungume ni da gumi yana ba ni labarin da ban gane ko kalma ɗaya ba. An ce a can akwai kifi mai girman mota. Zan gan shi in Allah ya yarda. Amma a zaune zan gan shi, ƙattin nan biyu na turawa, kowa minti ashirin, waya na ƙara.

Babu ruwana

Duk wanda ya bi matakan nan, surukarsa ta daina amsa gaisuwarsa, ko matarsa ta koma dafa masa taliya ba miya wata guda, ko ya wayi gari ya ga labarinsa a guruf, kada ya kira ni. Kada ya kira Hamsatou, ita hannu kawai ta ara mini. Na yi alkawarin ƙafar yara, ban yi alkawarin zaman lafiyar gida ba. Mai dabara yana nan da ransa, a nemi bayani wurinsa.

Kai kuma Baban Afnan, ranar Alhamis bayan la'asar ina falo. Anti Jimmai da Hamsatou su ne shaidu. Ka zo ka durƙusa, ka fara amsa mini wannan a gabansu: wa ya koya maka yi wa babba tayi sau ɗaya? Sannan ka tambaye ni da bakinka, ba ta bakin yaro ba, ko ina son keke a Florida.

Ina gaya maka tun yanzu, zan ce a'a, ƙafata ƙalau.

Ka sake tambaya. Zan ce a'a, ku bar shi, ba komai.

In ka isa, ka ce “to madalla” ka miƙe kafin ta uku.